Wa ke sa ido kan masu riƙe da makullin fotal? (Zare)

1/ Akwai wani kwamiti a jami'a da ko sunansa aka ambata sai ka fara hamma: kwamitin malamai mai ba da shawara kan harkar kwamfuta da intanet. Ni kuwa ina ganin in ka cire majalisar dattawan jami'a, da wuya a samu kwamitin da ya kai shi taɓa rayuwar ɗalibi. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ku duba abin da ke hannun sashen ICT a yau. Rajista, biyan kuɗin makaranta, gadon hostal, sakamakon jarrabawa, imel ɗin malamai, har waifai ɗin da ake kallon ƙwallo da shi a bayan laburare. Duk ta wajensu yake bi. Mai babban makulli a can yana ganin abin da shi kansa shugaban jami'a sai ya tambaya kafin ya gani.

3/ Ban ce miyagu ne ba fa. Yawancinsu bayin Allah ne da ke kwana a ofis lokacin rajista, wuta na ɗaukewa, mu kuma muna zaginsu a Facebook. Tambayata ɗaya ce: ranar da oga ya kira ɗayansu ya ce "buɗe min akwatin imel ɗin wane", wa zai san an yi? Wa ke da hurumin tambaya daga baya?

4/ Zan kawo misali biyu daga Amurka, don can aka yi rigimar a fili har jaridu suka ɗauka. Daga nan mu dawo gida.

5/ Na farko Harvard. A 2012 aka yi badaƙalar satar amsa a wani kwas na siyasa, aka binciki ɗalibai wajen 125. Ana cikin haka sai wani saƙon cikin gida kan binciken ya faɗa hannun 'yan jarida. Hukumar makaranta ta ce sai ta gano ta inda ya fita.

6/ Me suka yi? Suka sa aka bincika akwatunan imel na jami'ai 16 masu kula da gidajen kwanan ɗalibai, waɗanda su ma suna koyarwa. A ɓoye. Mafi yawansu ba su sani ba sai da jaridar Boston Globe ta zo da labarin a watan Maris na 2013.

7/ Da farko aka ce ai kanun saƙonni kawai aka duba, kuma a akwatin aiki kaɗai. Bayan 'yan makonni sai ga shi an amsa cewa an ƙara bincike a kan mutum ɗaya, har da ɗaya akwatin nasa. Abin dariyar ma, wanda saƙon ya fita ta hannunsa tura wa ɗalibai ya yi bisa kuskure. Babu wata maƙarƙashiya.

8/ Ga inda nake so ku lura. Akwai doka a rubuce da ta ce a sanar da malami idan za a taɓa masa imel. Sai aka koma musu a kan ko waɗannan mutane "malamai" ne ko "ma'aikata". Wato dokar na nan a takarda, amma mai son yin binciken shi ne kuma mai fassara ta. Ɗan wasa shi ne alƙalin wasa.

9/ Malamai suka tayar da ƙura. Shugabar jami'ar ta lokacin, Drew Faust, ta kafa kwamiti ƙarƙashin farfesan shari'a David Barron, a 2014 aka fito da sabuwar ƙa'ida. Ba ta hana bincike ba. Cewa ta yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili, sai wanda ke da hurumi ya sa hannu, a taƙaita abin da za a duba, a sanar da mai akwatin in ba da wani uzuri na musamman ba, kuma a rubuta an yi.

10/ Sannan a samu kwamitin sa ido mai malamai a ciki da zai riƙa bin waɗannan rubuce-rubucen lokaci zuwa lokaci. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni. Ɗan ICT ya samu abin kare kansa. Yanzu zai iya cewa "ranka ya daɗe, sai an cike takarda, kuma kwamiti zai gani." Ku da kanku kun san umarni nawa ne ke mutuwa da zarar an ce a rubuta shi.

11/ Kada ku ɗauka shi ke nan an gyaru. A ƙarshen 2014 ɗin dai aka gano an saka kyamarori a azuzuwa 10 a Harvard ana ɗaukar hoton ɗalibai wajen 2,000 don nazarin masu zuwa lakca, ba tare da an gaya musu ba. Wani farfesan kwamfuta, Harry Lewis, shi ya tashi a taron malamai ya yi tambaya, sannan aka amsa. Hali zanen dutse.

12/ Misali na biyu: Jami'ar Kalifoniya, mai harabobi 10. A 2015 masu kutse suka shiga rumbun bayanan asibitocin UCLA, lamarin ya shafi bayanan mutum har miliyan 4.5. Babbar masifa ce, babu mai musu. Shugabar jami'ar a lokacin Janet Napolitano ce, wadda ta taɓa riƙe ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka.

13/ Ofishinta ya sa wani kamfani na waje ya kafa na'urorin da ke iya kama zirga-zirgar intanet ta harabobin, su adana na wani lokaci. Aka umarci ma'aikatan kwamfuta su ja bakinsu. Malamai ba su sani ba, ɗalibai ba su sani ba.

14/ A harabar Berkeley akwai kwamitin haɗin gwiwa na malamai da hukuma kan fasahar sadarwa. Malaman da ke cikinsa ne suka samu labari, suka yi ta neman bayani ta cikin gida. Da abin ya ƙi, a Janairun 2016 ɗayansu, masanin tattalin arziki Ethan Ligon, ya rubuta wa abokan aikinsa ya fasa ƙwai. Cikin 'yan kwanaki labari ya kai New York Times.

15/ Hukuma ta ce ba ta da niyyar karanta imel ɗin kowa, ɓarayin intanet take nema. Ni ban ma ƙi yarda ba. Amma niyya tana tafiya da mai ita. Na'urar kuwa tana nan bayan an canza shugaba, kuma wanda zai gaje ta bai yi wa kowa alkawari ba.

16/ Ku lura da abu biyu a labarin nan. Kwamitin ba shi da ikon cewa a cire na'urar, shawara kawai yake bayarwa. Amma da babu shi, babu wanda ke da kujerar da zai zauna ya yi tambayar tun farko. Raunin kwamitin shawara ke nan, amfaninsa ke nan kuma.

17/ Shi ya sa matsayina: kalmar "shawara" ba ta dame ni ba. Abin da ke kashe irin wannan kwamiti shi ne a ce ba dole ne a gaya masa komai ba. In sai an sa hannu a kwangila, an biya kuɗi, an kafa na'ura sannan za a kira malamai a ba su lemo da ƙosai a yi musu "bayani", wannan walima ce aka gayyace su.

18/ To mu dawo gida. A jami'o'in Najeriya majalisar dattawa ce ke da hurumin harkar karatu. Sakamako kan tashi daga sashe, ya je tsangaya, ya je majalisar ta amince. Tsari mai kyau, an gina shi tun zamanin takarda da biro.

19/ Amma yau abin da ke yanke wa ɗalibi hukunci shi ne abin da fotal ya nuna. Farfesoshi sun zauna sun amince da C, fotal ya nuna F, wanne za a bi ranar tantance masu tafiya bautar ƙasa? Duk wanda ya taɓa zarya tsakanin ofishin jami'in jarrabawa da ICT, wannan ya ce je ka can, wancan ya ce dawo nan, ya san amsar.

20/ Tambayoyin da nake so a ce akwai malaman da aikinsu ne su yi: mutum nawa ke iya canza maki bayan majalisa ta amince? In an canza, na'ura na rubuta wane ne da ƙarfe nawa? Wa ke karanta wannan rajistar? In kwangilar kamfanin da ya gina fotal ta ƙare, bayanan ɗaliban shekaru goma a hannun wa suke zama?

21/ Na san me wasu za su ce: "Malaman su ma waliyyai ne?" A'a. Mun san labarin takardun jarrabawa da ke ɓata, da makin da ake saye, da abin da ya fi wannan muni. Shi ya sa ban ce a ba su makulli ba. A ba su damar ganin rajistar abin da aka yi da makullin. Ita rajistar ba ta san sani ko sabo ba, malamin da ya lallaɓa aka ƙara wa ɗan gidansa maki ita za ta tona shi.

22/ Wasu kuma za su ce farfesan tarihi me ya sani game da tsaron intanet. Gaskiya ne, ba shi zai zaɓi na'ura ba, kuma bai kamata ya tsoma baki a nan ba. Amma da yawan abin da ake kira "shawarar fasaha" shawarar karatu ce ta sa rigar injiniya.

23/ Misali: a mayar da jarrabawar wani kwas ta kwamfuta, zaɓi A zuwa D. A ido batun kujeru ne da janareta. A zahiri an canza abin da za a koyar da yadda ɗalibi zai yi karatu, don wanda ya san canki-canka ke jiransa ba zai koyi rubuta hujja ba. Wannan hukuncin na malamai ne, ko da ICT ce za ta aiwatar.

24/ Ga wani sabo. Manhajojin da ke cewa suna gane rubutun AI. A 2023 masu bincike a Stanford suka gwada guda bakwai, suka tarar fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne an yi masa tambarin na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Mu ke nan fa, ni da ku. A shekarar dai Jami'ar Vanderbilt ta kashe irin wannan manhaja ta Turnitin saboda rashin tabbas a kanta.

25/ Yanzu ka ƙaddara an sayo irinta an ɗora wa masu rubuta furojet, ba wanda ya tambayi masu duba furojet ɗin. Yarinya ta yi wata shida tana rubutu, na'ura ta ce sata ce. Gaban wa za ta kai ƙara?

26/ Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta gaggawa. In masu kutse sun shigo da tsakar dare ba za a jira kwamiti ya cika ba. Na yarda ɗari bisa ɗari. A yi abin da ya dace nan take. Amma a rubuta, a kawo wa kwamiti cikin mako ɗaya ko biyu. Sirrin da ake ɓoye wa ɓarawo daban, wanda ake ɓoye wa masu gida wata da watanni daban.

27/ Abin da ke ɗaure min kai: ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur, kuma cikin manyan batutuwan akwai manhajar biyan albashi, IPPIS da UTAS ɗin da suka ƙirƙira da kansu. Wato malamai sun gane sarai cewa wanda ya riƙe manhaja ya riƙe iko. Ina ma a ga ko da kwatan wannan zafin a kan manhajar da ke riƙe da makin ɗalibansu.

28/ Kuma yanzu batun ya shiga doka. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma jami'a na riƙe da lambar NIN ɗinka, hotonka, adireshin gidanku, wani lokaci har bayanan lafiyarka daga asibitin makaranta. Kana da haƙƙin tambayar me ake yi da su.

29/ Inda na saɓa da tsarin da aka saba: kwamiti na malamai zalla bai isa ba. A labarin kyamarorin Harvard, fuskokin ɗalibai aka ɗauka. A sa ɗalibai biyu, mace da namiji, masu ƙuri'a. Malaman kuma majalisar dattawa ta zaɓe su, kada shugaban jami'a ya naɗa, don wanda ka naɗa da wuya ya tambaye ka takarda. Daraktan ICT ya halarta ya yi bayani, amma kada ya shugabanci zaman da aikinsa ake dubawa.

30/ Rahoton shekara kuma a manna shi inda kowa zai gani, ko shafi biyu ne: sau nawa aka buɗe akwatin wani, sau nawa aka gyara maki bayan amincewa, kwana nawa fotal ya yi a kwance. Ba sai an sa sunan kowa ba, adadi ya wadatar.

31/ Masu zaɓen shugabannin ɗalibai a wannan zangon, in ɗan takara ya zo da alkawarin gyara famfo da kawo mawaƙi, ku tambaye shi ko makarantarku na da irin wannan kwamiti, su wa ke ciki, yaushe suka yi zaman ƙarshe. In ya ce zai bincika, ku ba shi mako ɗaya. Wanda ya samo amsa a makarantarsu ya ajiye min a ƙasan zaren nan, ina son in gani.