Babur Babu Fitila, Wannan Ba Tawakkali Ba Ne

Muna da magana da mahaya babura na Karaga da ƙauyukanta, da iyayensu, da malaman da ke yi musu wa'azi. Maganar ba ta da daɗi. Amma mu ne ke riƙe da alƙalami a zauren dattijo duk ranar da aka zo sasanta jini, don haka ba za mu sassauta ta ba.

Wanda ya bi hanyar Karaga zuwa Gushegu bayan sallar isha'i ya san abin da muke nufi. Za ka ji ƙarar babur, ba za ka gan shi ba sai ya gifta. Fitilar baya ta mutu tun bara. Ta gaba kuwa an kashe ta da gangan, wai ana tattalin mai, alhali abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Wani ya ɗauko matarsa da goyo, ita ce ke haska hanya da wayar salula. Shi kuma yana sanye da batakari mai duhu, ya saje da dare. Abin mamaki, wannan saurayin yana da kuɗin sayen hon mai firgita unguwa, amma ƙwan fitila ya gagare shi.

Ku zo mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Idan direba bai hango ka ba sai da ya rage mita 30 a tsakaninku, abin da ya rage masa bai cika daƙiƙa biyu ba. A cikinsu ne zai gane mutum ne, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, tayoyi su kama tsakuwa. Ƙara da ƙurar hunturu, ƙara da hasken wata motar da ke tahowa tana kashe masa ido. Tushen ruɗin shi ne, kai kana ganin motar sarai domin tana da fitila, sai zuciyarka ta raya maka ita ma tana ganinka. Ba ta ganinka.

Masu tarakta ma kada su ce ba da su ake ba. Da kaka, tirela cike da waken soya ko shinkafa takan lalace a bakin hanya, ba jan haske ko ɗaya, sai ganyen da aka karya aka zube a bayanta. Ganye ba ya haske da dare. Haka masu motokin da ke lafta buhuna har su rufe ɗan hasken da ya rage.

Idan aka yi magana sai a ce ai kowa da ranarsa. Gaskiya ne, ajali ba ya jinkiri. Amma a wace makarantar allo aka koya mana cewa sakaci ibada ne? Tun muna yara muka ji labarin balaraben da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Kuma wanda ya hau babur cikin duhu ba kansa kaɗai ya jefa a halaka ba. Kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. Kakar bara wani direba ya zauna a zaurenmu, dattijo mai furfura, yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa bai ga komai ba sai da ya ji karo. Mun gaskata shi, domin mun ga babur ɗin. Iyayen mamaci sun yafe, amma har yau mutumin bai koma tuƙi ba. Wa ya ɗora masa wannan nauyi?

Kuma a ƙasar Dagomba ake wannan aiki! A nan ne kowace shekara, daren tara ga Muharram, ake fitowa da wutar ciyawa a bikin Bugum, ana tuna ɗan sarkin da ya ɓace har jama'a suka kunna wuta suka nemo shi. Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa Yendi zuwa Salaga neman goro ba su taɓa tashi ba madugu ba jagaba, kuma ba wanda ya kira su matsorata. 'Yan'uwanmu na Bawku, waɗanda rikici ya sa hukuma ta sha hana mazansu hawan babur, su za su gaya mana darajar abin da muke wasa da shi.

Doka tana nan. Ƙa'idojin hanya na shekarar 2012, wato L.I. 2180, sun wajabta fitilu, kuma tun 2019 akwai hukumar NRSA mai kula da lafiyar hanya. Sai dai ba ɗan sandan da zai tsaya a kowane lungun daji da ƙarfe goma na dare, kuma abin kunya ne Musulmi ya jira tara kafin ya tsare ran maƙwabcinsa.

Ga abin da muke nema. Ƙwan gaba da na baya su yi aiki. A manna tef mai ƙyalli a bayan babur da na tirela, domin yana mayar da hasken mota kai tsaye zuwa idon direba ko batir ya mutu. Mai tafiyar dare ya sa farar riga, ko rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Makanikai su daina cire fitilar baya don saurayi ya ce ta ɓata masa ado. Limamai su ware wa maganar huɗuba guda kafin a fara jigilar amfanin gona.

A gidan dattijonmu mun riga mun fara. Da an yi sallar magariba ana kunna kowane babur a ƙofar zaure. Wanda jar fitilarsa ba ta kama ba, makullinsa zai kwana a aljihunmu, ko ɗan wane ne.