Sayen Fatsa: Mu Tsaya Tsakiya

Ƙasar Dakoro ba ƙasar gulbi ba ce. Amma Allah bai hana mu kifi ba. Ga tafkin Akadane a arewa, wajen Bermo. Ga tafkin Madarunfa a kudancin Maraɗi. A irin waɗannan tafkuna ana kama karfasa da tarwaɗa. Kifi abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara da mata masu ciki.

To, wanda ya yi niyyar sayen fatsa, wace zai saya? A ganinmu, kada ya bi mafi araha, kada kuma ya bi mafi tsada.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ƙugiya mai araha ba ta daɗewa sai ta yi tsatsa, ko ta miƙe a bakin kifi. Zare mai araha yakan tsinke a wurin ƙulli. Wanda ya saye su zai koma kasuwa sau biyu ko sau uku.

Akwai kuma sandar fatsa ta ƙasashen waje, mai ƙarfen naɗe zare. Mai tsadar cikinsu an yi ta ne domin babban kifi, irin giwan ruwa. Karfasa ba ta buƙatar wannan. Ƙasarmu kuma ƙasar rairayi ce. Idan rairayi ya shiga ƙarfen, sai ya ƙi juyawa, kayan gyaransa kuwa ba a ko'ina ake samun su ba. Bai kamata magidanci ya taɓa rumbunsa saboda ita ba.

Ga abin da za mu duba tun a kasuwa:

1. Ƙugiya: mu ɗora bakinta a kan farce. Mai kaifi tana kamawa, mai dakushi tana zamewa. Karfasa bakinta ƙarami ne, ƙaramar ƙugiya take so.

2. Zare: mu ƙulla shi, mu ja da ƙarfi. Siriri ya isa karfasa. Tarwaɗa sai mai kauri.

3. Sanda: mu lanƙwasa ta kaɗan. Mai kyau tana komawa daidai. Idan tana da ƙarfen naɗi, mu juya shi, mu saurara. Mai gurzawa mu bar shi.

Wani zai ce: me ya sa ba za mu ja gidan sauro cikin ruwa ba, tunda muna da shi a ɗaka? Wannan asara biyu ce. Yaranmu za su kwana a bakin sauro, ga zazzaɓin cizon sauro. Gidan sauron kuma zai kwashe har ƴaƴan kifi, baɗi tafki ya zama wayam. Tun a shekarar 1998 dokar su ta Nijar ta hana raga mai ƙananan idanu.

Fatsa tana da wani amfanin. Mai ita yana tsayawa a gaɓa, ba ya daɗewa cikin ruwa. Ta fata ƙwayar tsargiya take shiga jikin mutum a ruwan kwance.

Saboda haka mu sayi matsakaiciya, mu shanya ta bayan aiki, mu ajiye ta nesa da yara. Ƙaramin kifi kuwa mu mai da shi ruwa ya girma. Kafin mu fara su, mu nemi ma'aikatan gandun daji su faɗa mana ƙa'ida.

Allah ya ba mu damina mai albarka.