KALMA ƊAYA A MAKO: «BALANCE», KALMAR DA KE CIN KUƊIN FATAKE

Filin wannan mako ya faɗo kan kalmar da duk ɗan kasuwar Damagaram mai hulɗa da Kano ya taɓa ji, ko ya gani rubuce a ƙasan rasit, wato «balance». Hausawan Najeriya sun daɗe da mayar da ita «balas». Mutanen Nijar kuwa, musamman waɗanda suka zauna lakkwal, suna ɗauka sun san ta tun tuni, tun da akwai ta a Faransanci da rubutu iri ɗaya. To, a nan gizo ke saƙa.

A ɗauki misalin wani falke na Droum, cikin gundumar Mirya, wanda ya loda wake ya bi ta Matamai da Ɗan Barto har kasuwar Dawanau a Kano. An yi ciniki kan naira 1.000.000, aka danƙa masa 950.000, aka ba shi takarda. Da ya komo gida ya miƙa wa ɗansa ɗan kwaleji ya karanta. Yaro ya ga «Balance: 50,000», ya tuna a Faransanci wannan kalma sikeli take nufi, sai ya ce wa mahaifinsa ai kuɗin awo ne aka cire. In uban ya yarda ya yar da takardar, ya yafe bashin naira 50.000 ba da niyya ba, domin abin da aka rubuta shi ne sauran kuɗinsa da ba a biya ba.

Yaron bai yi ƙarya ba, sani ne ya gaza. Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin ma'auni mai faranti biyu. Daga Faransanci ta shiga Ingilishi, cikin ɗimbin kalmomin da suka ƙetara bayan da Normandawa suka ci Ingila a shekarar 1066. Amma a bakin ƴan kasuwa ma'anar lissafi ce ta rinjaya: abin da ya rage kafin ɓangarori biyu su yi daidai. Ma'aunin kansa kuwa galibi «scale» ake ce masa, kuma daga nan Hausa ta samo «sikeli».

Ga hanyoyi huɗu da ake sa ta cikin jimla.

Ta farko, cikon kuɗin ciniki. Mai saye yakan ce: «I will pay the balance on Friday», wato zan biya cikon ran Juma'a. Mai sayarwa kuma ya tambaya: «When will you pay my balance?», yaushe za ka biya ni saurana? A lura, tana tafiya da «the» ko «my» a gabanta.

Ta biyu, canji. A kanti ko a tasha a Najeriya akan ji «Give me my balance», ba ni canjina. Wannan amfani na Najeriya ne. A Ingila «change» ake cewa, ita ce ma ta haifi kalmar «canji».

Ta uku, abin da ya rage a asusu, wanda ma'aikatan banki da na baitulmali a Nijar ke kira «solde». «What is my balance?» na nufin nawa ya rage mini, ko a banki ko a katin waya.

Ta huɗu, a matsayin aikatau. «The account does not balance» na nufin lissafi bai daidaita ba, shiga da fita sun saɓa. Akawu ya ji wannan, ya san akwai sauran aiki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kalmar ita kaɗai ba ta faɗin wa ke bin wa. Sai an dubi maƙwabciyarta. «Balance due» na nufin saura na nan ba a biya ba. «Balance paid» ko «paid in full» na nufin an biya duka, magana ta ƙare. Wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙarƙashin ta biyun alhali kuɗi bai shiga aljihunsa ba, ya ba da shaida a kan kansa, kuma da wuya dillali ko sarkin kasuwa ya iya ceto shi. Saboda haka kafin sa hannu a nemi abu uku a rubuce: adadin saura, sunan wanda zai biya, da ranar biya. A kuma tabbata an rubuta naira ko sefa, domin jika a Nijar sefa 1.000 ce, alhali jaka a tsohon lissafin Najeriya naira 200 ce.

Batun bai tsaya ga fatake ba. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan ma'aikacin duwan ko sakataren ofishin magajin gari na iya cin karo da takardar Ingilishi a kan teburinsa, kuma kalmomin da suka yi kama da na Faransanci su ne suka fi yaudara, domin ba sa sa mutum ya buɗe ƙamus. Tambaya ba ta ɓad da matafiyi.

Ga aikin gida: mai karatu ya ɗauko tsohon rasit ɗaya na Kano, ya nemo kalmar, ya faɗa da Hausa wa ke bin wa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba «deposit», wato kafin alƙalami.