Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Gona Na Fadama: A Haƙa Rami Kafin A Ba Da Shawara

'Yan'uwana malaman gona,

 Da ku nake, ku da ke aiki a fadamun Haɗeja da Jama'are, da kwarin Rima, da Kadawa da Bakolori, har da takwarorinmu na ƙetaren iyaka a Gulbin Maraɗi. Yawancinmu mun san iri, mun san maganin feshi, mun haddace buhun taki nawa ake zubawa a kadada. Amma ƙasar da za ta karɓi duk waɗannan, fatar samanta kawai muka sani. Manomi ya yi tambaya, sai mu duƙa mu damƙi ƙasa hannu guda, mu murza, mu ce masa laka ce, ya shuka shinkafa. A gonar tudu wataƙila a tsira da wannan. A fadama kuwa ba a tsira, don abin da ke sama ba ya ba da labarin abin da ke ƙasa.

Dalili shi ne ƙasar fadama ba a nan aka haife ta ba, ruwa ne ya yi dakonta. Shekarar da kogi ya cika ya yi ambaliya da ƙarfi, yashi yake zubewa. Shekarar da ya malalo a hankali ya kwanta, sai ya bar laka. Haka aka yi ta jibga su ɗaya kan ɗaya kamar tabarmi, shekaru ɗaruruwa, har ƙasar ta yi zurfin da saiwa ba ta iske dutse. Ko a ambaliya guda ma rabon ba ɗaya ba ne: da ruwa ya tsallake gaɓa ƙarfinsa ke raguwa, ya sauke mai nauyi a bakin kogi, ya wuce da mai laushi can cikin kwari. Shi ya sa bakin kogi ya fi tudu kuma ya fi yashi, nesa da shi ya fi gangare kuma ya fi danƙo. Sannan kogi ba ya zama wuri guda. Duk wanda ya san yadda kogin Haɗeja ke rarrabuwa tsakanin tsoffin jigayi kafin ya kai Nguru da Gashuwa ya san hanyoyin ruwa nawa suka mutu aka binne su. A ƙarƙashin gonar da kake gani baƙa wuluk, ana iya samun tsohuwar hanyar ruwa cike da yashi a zurfin kamu biyu.

Nan ne ake samun maƙwabta biyu, iri ɗaya, taki ɗaya, ranar dashe ɗaya, amma ɗaya yana ba da ruwa sau ɗaya ya kwana biyar a fangali, ɗayan kuwa kullum yana bakin inji yana ƙona fetur. Mu kuma sai mu ce ragwanci ne ko rashin bin ƙa'ida.

To, ku haƙa rami. Zurfin mita ɗaya da rabi, ko har inda ruwa ya tsayar da ku, faɗinsa yadda mutum zai shiga ya juya. Kada a haƙa a bakin hanya, ko gindin itace, ko kusa da suri. A daidaita ɓangare guda ya fuskanci rana, a kankare shi da wuƙa, a sa awo, a rubuta inda kowane shimfiɗi ya fara da inda ya ƙare. Daga kowanne a ɗebi kaɗan a jiƙa a murza tsakanin yatsu. Mai kaushi da ya ƙi dunƙulewa yashi ne, mai sulɓi marar danƙo turɓayar ruwa ce, wanda ya miƙe ya yi zare bai karye ba laka ce. Idan kun sami laka santimita 30 kawai a bisa yashi, ku hana mai gonar kawo tarakta ta yi masa huɗa mai zurfi, ku kuma hana katafila ta kankare wurin da sunan baje fili, don wannan 'yar lakar ita ce duk abin da ke riƙe masa ruwa. Idan kuwa akasin haka ne, yashi a sama laka a ƙasa, ruwa zai tsaya a kan lakar ya ruɓar da saiwar tumatir da albasa alhali saman gonar a bushe yake.

Ku dubi launi da kyau, don shi ke faɗin abin da ya faru da damina ko da a watan Maris kuka je. Toka-toka ko mai shuɗi-shuɗi alama ce ta wurin da ruwa ke daɗewa iska ba ta shiga. Ɗigo-ɗigon ja mai kama da tsatsa kuwa yana nuna inda ruwan ƙasa ke hawa yana sauka. Inda ɗigon ya fara daga sama, nan ne iyakar da saiwa za ta sha iska duk shekara. Wanda ya zo yana son dasa mangwaro ko gwaiba, wannan layin za ku fara duba masa. Wani lokaci kuma za ku iske baƙin shimfiɗi a can ƙasa, ƙarƙashin fari. Tsohuwar fuskar gona ce da ambaliya ta rufe.

Wannan baƙin shimfiɗin da aka binne shi ne ma hujjar da masana ke kafawa wajen sa wa ƙasar suna. A tsarin rarraba ƙasa na Amurka, wanda aka fara bugawa a 1975, irin wannan ƙasa tana cikin rukunin Entisol, wato ƙasar da ba ta daɗe ba balle ta yi shimfiɗu na kanta, a reshen da ake kira Fulubent. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne ruɓaɓɓen tsiron da ke cikinta ba ya raguwa a jere daga sama zuwa ƙasa yadda yake yi a tudu, sai ya ragu ya ƙaru ya sake raguwa. A taswirar ƙasa ta duniya da hukumar FAO ta fitar da mabuɗinta a 1974, da tsarin da ya gaje ta a 1998, sunanta Fulubisol. Inda ruwa ya fi kwanciya ta yi toka tun daga sama, ta koma Gilesol. Inda laka ta kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye, tana kumbura da damina tana tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, wannan Batisol ce, irin firkin Barno da ake dasa masakwa a kanta, da irin ta Jazira a Sudan da ake shayarwa daga madatsar Sennar tun 1925. Ku koyi sunayen nan, don da su ne za ku karanta rahoton wani wuri ku gane ko ya shafe ku. Amma kada ku ɗauka sunan ya gama magana. Gona biyu na iya zama Fulubisol dukansu, ɗaya yashi ɗaya laka, ɗaya lafiya lau ɗaya kanwa ta cinye ta. Kullum ku rubuta sunan da mai gonar ke kiran ƙasarsa kusa da na littafi. Kuma ku nemi masu haƙa rijiyar ban-ruwa na yankin ku zauna da su. Sun ga abin da bututu ke fitarwa a gonaki masu yawa, sun san inda yashi yake da inda yumɓu yake fiye da kowace taswira da ke ofishinmu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato gishiri da kanwa. Fadamar Neja-Delta da ta Nguru duk ruwa ne ya kawo su, amma tamu a busasshiyar ƙasa take. A wajejen Nguru ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, alhali abin da rana da iska ke iya busarwa ya ninka haka sau uku ko fiye. Duk ruwan da aka ba gona yana ɗauke da ɗan gishiri. Ruwan ya tashi, gishirin ya zauna. Idan kuma yawan ban-ruwa ya ɗago ruwan ƙasa har ya matso mita ɗaya ko biyu da sama, sai ya riƙa tsotsuwa yana hawa da kansa, yana bushewa a fuskar gona, yana barin farin ɓawo a kan kunya. Manomi ya ga shuka ta yi rawaya ta tsumbure, sai ya ƙara yuriya, ya ƙara wa ciwon ciwo.

A nan sai kun bambance abu biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙasa mai gishiri, wadda awon wutar lantarki na ruwanta ya haura 4 a ma'aunin da ɗakin gwaji ke amfani da shi, tana shan ruwa yadda ya kamata. Maganinta a wanke ta da ruwa mai daɗi, muddin akwai magudanar da ruwan wankin zai bi ya fita. Ƙasa mai kanwa kuwa sodiyam ne ya kama lakarta, kashi 15 cikin ɗari ko fiye, awon pH ɗinta yakan wuce 8.5. Ita wannan ta jiƙe ta narke ta toshe, ta bushe ta zama fako, ruwa ya kwana a kanta bai shiga ba, wani lokaci har da baƙin tabo kamar an zubar da mai. Wanda ya ce a wanke ta da ruwa kawai ya ɓata ta. Sai an fara zuba jifsam, a haɗa da takin gida da ɓuntun shinkafa, sannan a wanke. A irin wannan ƙasa ne kuma shinkafa ke yawan rasa sinadarin zinki, ganyenta ya yi tsatsa-tsatsa, a yi ta feshin maganin cuta a banza. Ko wanne ne a cikin biyun, idan magudanar fitar ruwa ta cushe da kacalla, kamar yadda muke gani a wurare da dama na Haɗeja, babu maganin da zai ci. Gyaran magudana aikin gayya ne marar daɗi, ba wanda ke zuwa ɗaukar hotonsa, amma shi ne farko. Kafin a kai ga wannan, ko dasa shuka a gefen kunya maimakon ƙololuwarta, inda gishiri ke taruwa, yana ceton wani abu.

Akwai kuma maganar da muka gada cewa fadama ba ta buƙatar taki. A da gaskiya ce, lokacin da kogi ke kawo sabuwar laka kowace damina, ana ɗebo ruwa da jigo ana noma ɗan fili. An kammala madatsar Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Goronyo a 1984, Challawa a 1992, kuma kowacce tana tare lakar a bayanta. Daga shekarun 1990 shirin Fadama ya baza injin ban-ruwa da ƙananan rijiyoyi, gonar da ake nomawa sau ɗaya ta koma sau biyu ko uku. Ana ɗiba ba a mayarwa, ga shi ana ƙone karan shinkafa bayan girbi. Zurfin ƙasa bai hana ta gajiya ba, kuma buhun takin 15-15-15 da muke rubuta wa kowa ba shi ne amsar kowace gona ba.

Idan za ku aika samfuri ɗakin gwaji, ko a Samaru ko a jami'ar da ta fi kusa da ku, kowane shimfiɗi da ledarsa, da zurfinsa da sunan gonar a rubuce ciki da waje. Kada a gauraya na sama da na ƙasa. Ku ce a auna muku gishiri da sodiyam, ba sinadaran taki kaɗai ba, ku haɗa da kwalbar ruwan da ake ba gonar. Bayanin ramin ku ajiye kwafinsa a ofis, don wanda zai gaje ku ya sake haƙawa a wurin bayan shekara biyar ya kwatanta. Ku nemi izinin mai gona kafin ku sa diga, ku kira shi ya shiga ramin tare da ku, sannan ku cike shi kafin ku bar wurin, na ƙasa a ƙasa na sama a sama, saboda yara da dabbobi.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin aikinku a fannin binciken ƙasar noma