Renon Katun: Nawa Gidajen Sakkwato Ke Biya?

Wata Alhamis bayan magariba na shiga gidan ƙanwata a Mabera. Sau biyu ina sallama babu wanda ya amsa, alhali yara uku na zaune a falo. Ƙaraminsu ɗan shekara biyar ne, baki a sake, tuwon gabansa ya huce har ya yi ɓawo, idonsa na kan kyanwa da ɓeran nan na Tom and Jerry. Da uwar ta fito daga madafa na yi mata ƙorafi, sai ta ce, "Yaya, bar su dai. Shi ka ba ni sararin aiki, kuma ko sisi ba ni biya."

Rabin maganarta gaskiya ne. Macen da ke fama da girki da wanki da goyo tana bukatar abin da zai zaunar mata da yara. Ɗaya rabin ne na kwana ina juyawa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Bari mu buga lissafi.

Na farko kuɗi. Akwai na dikoda duk wata, akwai datar da YouTube ke sha a wayar uwa, akwai man janareta da ake ƙonawa in an ɗauke wuta don kukan yara ya lafa, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita sai an yi shawara. Sauran kuɗin a kasuwa ake karɓarsa. Je babbar kasuwar Sakkwato ana gobe komawa makaranta ka ga yaro yana birgima sai jaka mai hoton Spider-Man ko agogon Ben 10. Haka aka tsara abin tun asali. Kamfanin Mattel na Amurka ya fara sayar da 'yar tsanar He-Man a 1982, katun ɗinta ya biyo baya a 1983 don ya ja mata kasuwa. Suwidin ta gane wannan, tun 1991 ta hana tallan talabijin da ke farautar yara 'yan ƙasa da shekara 12.

Na biyu lokaci. Yaron Sakkwato da safe yana boko, da la'asar yana Islamiyya ko gaban allo. Ɗan abin da ya rage masa shi ne tsakanin magariba da barci, kuma a nan ake tilawa, a nan ake langa da ɓuya a ƙofar gida, a nan 'yan mata ke gaɗa. Katun bai zo da nasa lokacin ba, daga waɗannan yake yanka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban talabijin ko waya, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Kowace uwa ta auna gidanta da wannan mudun.

Na uku natsuwa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka raba yara 60 'yan shekara huɗu gida uku. Wasu suka kalli SpongeBob na minti tara, wasu suka kalli katun mai tafiya a hankali, wasu suka yi zane. Da aka gwada su nan take a kan haƙuri da bin umarni, 'yan SpongeBob ne suka zo baya. Binciken ƙarami ne, kuma abin da ya auna na ɗan lokaci ne, amma ya isa mu yi tambaya: idon da ya saba da hoto mai sauyawa kowace 'yar daƙiƙa, yaya zai yi da allon da baƙinsa ba ya motsi, wanda sai an maimaita aya sau ashirin kafin a wanke?

Na huɗu ɗabi'a. A katun ana maka wa kyanwa guduma ta baje kamar waina, ta miƙe garau, a yi dariya. Duka babu ciwo, ɓarna babu biya. Tun 1961 wani mai bincike, Albert Bandura, ya nuna cewa yaran da suka ga babba na jibgar 'yar tsana su ma sukan jibge ta in an bar su da ita. Na ga ɗan ƙanwar tawa ya buga agogon robar hannunsa, ya yi kururuwar rikiɗa irin ta Ben 10, ya dira a bayan ƙanensa daga kan kujera. Abin da ya fi dukan damuna shi ne yadda ake nuna manya. A da yawa daga cikin shirye-shiryen, yaro ne mai wayo, uba sakarai ne, kuma mayar wa babba magana shi ne abin tafi. Mu kuwa a garin Shehu yaro durƙusawa yake ya gai da na gaba, ba ya kiran sunan yayansa gatsal. Wasu iyayen sun sakankance da tashoshin Larabci irin su MBC3 da Spacetoon, suna ganin tunda Larabci ne ai lafiya. Galibin abin da ke ciki katun ɗin Amurka da Japan ne aka sauya wa murya.

Na biyar, tatsuniyar kaka, shi ne mafi tsada, kuma ba a ganinsa a aljihu. Wani zai ce ai Gizo ya fi Jerry iya mugunta: maƙaryaci ne, ɓarawo ne, ya cuci zaki ya cuci kura. Haka ne. Amma Gizo a bakin kaka yake zuwa. Tana ba da labarin tana duban fuskar jikanta. In ya tsorata ta sassauta, in ta ga yana sha'awar zamba ta tsaya a kan yadda asirin Gizo ya tonu. Ya tambaya ta amsa, da Sakkwatancinta mai "mi" da "hwa", da karin maganar da ba ta cikin littafin makaranta. Akwatin talabijin bai san sunan yaron ba, balle halinsa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta san darajar wannan. Ta tsara karatu cikin Hausa da Fulatanci, sannan ta naɗa jajoji su kai shi ga matan ƙauyuka baki da baki.

Adalci ne a faɗi ribar. Yara na tsintar Turanci da ƙidaya da sunayen launuka. Akwai Bino and Fino da Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, akwai Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya da aka mayar Hausa. Amma irin waɗannan 'yan kaɗan ne, kuma su ma sun fi amfani in akwai babba a gefe yana tambayar yaro me ya gani. 'Yan kalmomin Turanci da makaranta za ta koyar da shi ko ba jima ko ba daɗe ba su kai a ba da gaisuwa da tilawa da hirar dare a bakinsu ba.

Ban ce wa ƙanwata ta sayar da talabijin ba. Abu uku na roƙe ta: a kashe shi daga kiran magariba, ita ce za ta zaɓi abin da za a kalla, waya kuma kada ta kwana a hannun yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mahaifiyarmu tana nan da ranta a ɗakin da ke kallon falon, kanta cike da tatsuniyoyin da muka tashi da su, kuma yau shekara guda ke nan babu jikan da ya ce mata, "Kaka, ba mu labari." Wannan ma yana cikin kuɗin, kuma ba a sake samunsa a kasuwa.