Masu Ƙera Motoci Na Sauri, Makanikanmu Fa?

Duk wanda ya san tashoshin motar Garwa a shekarun baya ya san Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Bakanike ya koye ta yana yaro, ya tsufa yana gyaranta, kayan gyaranta kuwa ko a Marwa ko a Ngaundare ba a rasa su.

Yanzu abin ya sauya. Manyan kamfanoni sun gano cewa riba tana cikin ɗora samfura da yawa a kan shasi guda, ta yadda layin masana'anta ɗaya zai fitar da su duka, a kuma sayi kayan haɗi da yawa a farashi mai sauƙi. Don haka samfurin da ke kan tsohon shasi sai a gajarta masa kwana. Golf ta shida ta fito a 2008, a 2012 Volkswagen ta kawo ta bakwai a kan sabon shasin MQB. Toyota ma ta bi sahu da TNGA tun 2015, inda Prius da C-HR da Corolla ta 2018 suka zama 'yan gida ɗaya.

Mu a nan arewacin Kamaru galibi ba sabuwar mota muke saye ba. Sai ta gama aiki a Turai take sauka a Duwala. Ke nan waɗannan motocin yanzu suke isowa, cike da na'urori, su hau hawan Mbe su sha zafin watan Afrilu. In fitilar gargaɗi ta kama, sauraron ƙarar inji bai isa ba, sai da kwamfutar bincike. Direba ya yi asarar kwanaki, bakanike ya yi ta canke har ya ƙara ɓata abin da bai lalace ba.

Akwai dai sauƙi ɗaya: tunda shasin guda ne, wasu kayan gyara na shiga motoci da dama, in mai shago ya san wanne ne. Muna kira ga ƙungiyoyin makanikai da 'yan kasuwar kayan gyara su haɗa kuɗi su sayi na'urorin bincike. Makarantun koyon sana'a na Garwa kuma su buɗe ajin yamma domin masu gareji, tunda da rana suna ƙarƙashin mota.