A Auna Itace Kafin A Kai Shi Murhu

Jama'a, ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda ya saye shi ruwa ya saya, uwargida kuwa ta sha hayaƙi, ga tari ga ciwon ido.

Awon ba wuya. A ɗora dami a sikeli, a shanya, a riƙa aunawa duk mako. In mai laba 40 ya koma 25 ya bushe, watau sauran ruwansa kashi 20 cikin 100.

A Suwidin, inda inji ke busar da garin katako, har tururin ƙaron da ke tashi suna aunawa, domin yana ɓata iska. Mu rana da hunturu sun ishe mu. Ni dai shawarata, a faskara itace tun kaka, a jera shi bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa.